Sunan Zalia a Goshin Mota

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Alhaji Sidiku na Salaga nake wannan wasiyya a shekarar 1962. Ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, amma hankalina garau yake.

Na ɗaya. A raba abin da na bari yadda shari'a ta ce. Littattafaina dai ku bar wa ɗana Seidu a Yendi, shi kaɗai ke buɗe su.

Na biyu, motar doya. Ba ta cikin gado. 'Yata Zalia ce ta saye ta da guminta sa'ad da ciwo ya kwantar da ni, kai Mashud kana yawo ba wando. Ita ta riƙe cinikin Bawku har ka girma ta ba ka tuƙi. Yanzu ka sa an shafe sunan yayarka daga goshin motar, wai 'yan tasha na yi maka dariya kana jan motar mace. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Kun gaji da labarin tafiyata Makka a ƙasa, amma ku ƙara haƙuri. Da guzuri ya ƙare mini a Masar, na yi dakon ƙasa a wani tsohon gini da ake tonowa a gindin dutse. Na wata Fir'auna mace ne, Hatshafsut. Ta riƙe wa ɗan mijinta sarauta yana yaro, daga baya ita ma ta hau, ta yi wajen shekara ashirin. 'Yar kasuwa ce kamarmu, har jiragen ruwa ta aika suka kawo turare. Bayan mutuwarta aka bi bango ana kankare sunanta da surarta. Addininta ba ruwana da shi, amma na shafa wurin da hannuna, kuma gurbin da aka bari siffarta ce sak. Jiya ma da motar ta wuce da hantsi, ni mai rabin ido na karanta Zalia a ƙarƙashin fentinka.

Na uku. Mashud, ka mayar da sunan da hannunka, da rana tsaka, a tashar da aka yi dariyar. In ba ka yi ba, kada ka taɓa makarata. Ke kuma Zalia, in ya yi, ki bar masa tuƙin, ki daina gori. Na san bakinki.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, kada nisan Yendi ko Bawku ya raba ku. Mutum huɗu ke ɗaukar makara, Mashud, kuma ina so ƙwarai kana cikinsu.