Aron Gonar Baba

Kankia

Zuwa ga Yaya Abdullatif,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya Fatakwal?

Na rubuto ne don ba na iya sakin baki a waya, kunnen Baba ya fi na kowa. Mun dawo da Baba daga asibiti a Katsina. Ashe ba shawara ba ce kawai, ciwon daji ne a maɗaciya, har ya kama hanta. Likita ya ja ni gefe, ya duba sakamakon jini, ya tambayi yadda Baba ke cin abinci da ko yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ya ce masu irin wannan hali da wuya su wuce wata shida, amma ya nanata cewa kirdado ne, sani sai Allah. Ni da Inna mun ce wa Baba shawara ce, za ta washe.

Ka gaida yara. Ƙanwarka,
Amatullah

Kankia

Yaya,

Salamu alaikum, yaya gida, yaya zafi? Baba na nan da sauƙi-sauƙi, yana gaishe ka.

Na yi wani abu ban shawarce ka ba. Kabo, maƙwabcin gonar Baba ta Dudunni, ya zo neman aronta, yana son kai taki tun kafin ruwa ya sauka. Inna ta ce a dakata, ni na matsa. Ka san ni da gaggawa! Na duba maganar likita, na ga Baba ba zai kai shuka ba, to sai gona ta zauna ciyawa ta cinye? Na ba shi. Baba bai sani ba. Kullum zancensa inda zai sa gero da inda zai sa wake, ni kuwa sai in sunkuyar da kai. Wallahi abin yana cin raina.

Taka,
Amatullah

Kankia

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya damina a wajenku?

Wata shidan likita sun wuce, Baba na nan da ransa, har ya yi ɗan kumari. Ran Juma'a ya kafe sai an kai shi gona. Na yi dabara iya dabara, ina! Muka je. Gero ya kai gwiwa, ga Kabo yana noma. Ya yar da fartanya ya zo ya durƙusa, yana ta godiyar aron da aka ba shi. Baba ya amsa kamar da saninsa aka yi, har ya sa masa albarka. Ni dai da ƙasa ta tsage da na shige.

Da muka dawo bai yi faɗa ba. Abu ɗaya ya tambaye ni, wai wata nawa likita ya ce. Na faɗa masa. Sai ya ce na yi hankali da na ba da aron. Da ma zagina ya yi, Yaya.

Washegari ya sa aka kai wa Kabo garmarsa da fartanyarsa, kyauta. Tun ranar bai ƙara fita zaure ba, kunu ma sai Inna ta yi ta lallashi. Likita bai taɓa ce masa komai ba, ni na ce.

Don Allah ka taho yanzu, kada ka jira hutu. Ni ba na iya haɗa ido da shi, kuma yana bukatar wanda zai zauna kusa da shi.

Ƙanwarka mai neman gafara,
Amatullah