Faifan da Na Daka a Turmi

Ya Izzuddeen, sanyin idaniyata, ruwan farkon damina a kan duwatsun Birnin Kudu, garwashin da ke cin ƙirjina ba hayaƙi,

Bayan sallama, zan faɗa maka abin da ko Mansura ƙanwarka, aminiyata, ba ta sani ba. Ba abokinka Haladu ne ya sace maka faifan nan ba. Ni ce. Kuma ban ajiye shi ba, a turmi na daka shi.

Ka tuna ranar da na fara zuwa gidanku, kana zaure kana goge faya-fayan garmahon da Babanku ya tara tun yana jan tirela zuwa Ikko? Ka ɗora mai jan bangon nan, mai hoton baƙin Ba'amurke da tulin gashi. Allura ta sauka, ya yi ƙas-ƙas kamar an zuba albasa a tafasasshen mai, sai ganga ta buga, jitar nan mai kaurin murya ta naushe ni a ciki, ƙahonni suka tsaga zauren. Mawaƙin ya kurma ihu kamar wanda aka soka wa wuƙa amma yana godiya. Ko kalma ɗaya ta Turancinsa ban ji ba, na dai gane so ne ke yanka shi. Ka ce irin wannan kiɗan da hannu da gumi aka yi shi, shi ya sa ba ya tsufa. Sannan ka kalle ni. Duk littattafan soyayyar da na karanta, wanne ne ya gaya min so duka yake haka?

To sai aka ce a bikin Gwaram ka kunna wa wata budurwa, wai ita Basma, shi, har sau biyu. Faifana fa! Washegari ka wanke faya-fayan, ka jera a inuwa, ka tafi La'asar. Na sa shi a hijabi na wuce gida. Duk saukar taɓarya sai na kira sunanta, har ya koma kamar gawayi, wani ɓallin ya tsaga min yatsa.

Jiya a bakin tasha na ga ka shaƙe Haladu, abokinka tun makarantar allo, ka fasa masa baki, jini har gaban riga, yana ta rantsuwa. Ina tsaye da ledar cefane, ina kallo, na bar shi da laifina. Wannan naushin nawa ne, hasken raina, shi ya karɓar min.

Don Allah ka je ka ba shi haƙuri yau. Ni kuwa ka zage ni, ka tsane ni, ka hana ni taka zaurenku, ba zai kashe gangar da ka kunna a ƙirjina ba. Wa ya isa ya daka wannan?

Tsakiyar faifan ta tsira, na naɗe ta cikin takardar nan. Na so in ba Mansura ta kawo maka, na fasa. Ga ni nan zuwa, da wannan hannun mai ciwo zan miƙa maka.

Taka har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Hapsatu