Gwangwanin Baba Ya Bi Kogi

Yaya Nelda,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba? Ya yara? Ni lafiya lau nake a La Junta, illa ruwan sama da ya kwana tara bai ɗauke ba. Zaren kamun kifi ya ɗan yanke ni a tafin hannu, amma ciwon ya kusa warkewa.

Kin tuna gwangwanin da Baba ya shekara talatin yana naɗe zaren kamun kifi a jikinsa? Da zai ba ni, cewa ya yi, "Daga gaɓa ake jefawa, sarkin gaggawa, ba daga cikin jirgi ba." Ban ji ba. Ranar Lahadi na shiga ɗan kwale-kwalena, ana tsuga ruwa. Wani ƙaton kifin salmon ya haɗiye ƙugiya, ya ja ni gadan-gadan zuwa kututturan da ambaliya ta tara. Ko in saki, ko in kife. Na saki gwangwanin, Yaya, ya bi kogi.

Don Allah ki aiko mini safar ulu. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. In ya tambaya, ki ce gwangwaninsa ya kama kifin da bai taɓa ganin irinsa ba. Sauran ni zan faɗa masa da bakina.

Ƙaninki,
Erwin