Hoton da Inna Ta Rataye

Malumfashi, 4 ga Nuwamba, 1965

Zuwa ga ƙanena Habila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, kai da sanyin Ingila. Mu nan lafiya lau, ana ta cirar auduga.

Takardarka ta iso, doguwa, amma ba inda ka tambayi idon Inna. Wai kana haɗa akwatin wayoyi da zai riƙa juya ƙaton madubin hangen taurari, ya bi tauraro sannu a hankali, har wani gilashi ya tsaga haskensa a ga abin da ke ciki. To, sannu da aiki, sarkin tsaga haske! In an tsaga, miya za a kaɗa da shi?

Na kai Inna wurin likitan ido. Ya ce ba yana ba ce balle a cire, ganin ne ke janyewa, kuma da wuya ya kai damina. Burinta ɗaya, ta ga fuskarka kafin ya rufe. Ka zo Kirsimeti. In taurarinka sun hana, ka aiko da hoto.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Mairamu

Malumfashi, 20 ga Janairu, 1966

Habila,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Inna na gaishe ka, ni kuwa gaisuwata ta dole ce.

Kirsimeti ya zo ya wuce, kujerarka wayam. Uzurinka wai injin yana rawa, tauraro na zame wa gilashi, sai ka sake ɗaurin wayoyi. Tauraron nan tun kafin a haifi kakanmu yana wurinsa, ina zai gudu in ka bar shi wata guda?

Sai ga ambulan. Na buɗe ina murna, me zan gani? Wani siririn hoto mai zane-zane baƙi da fari kamar ƙyallen saƙi, ka rubuta a baya wai hasken tauraro na farko da akwatinka ya kama, a nuna wa Inna ta yi alfahari. Kai, Habila! Boko ya cika maka kai, ya kwashe hankali. Hotonka aka ce, ba hoton aikinka ba.

Kafin in ɓoye Inna ta ji motsin takarda, ta karɓe. Ta fita hasken rana, ta kai shi dab da hanci, ta daɗe tana dubawa. Ta ce ka ƙara tsawo, ka rame, amma rigar saƙin nan ta yi maka kyau. Ta sa na rataye shi kusa da hoton marigayi Baba. Duk matar majami'a da ta shigo sai an nuna mata kai, su kuwa su dube ni, in sunkuyar da kai.

Ka aiko da na gaske, ko ka zo. Lokaci na ƙurewa.

Mairamu

Malumfashi, 9 ga Mayu, 1966

Habila,

Ina gaisuwa, da fatan kai da akwatinka kuna lafiya.

Na ji Turawa sun yaba, madubi na bin tauraro ba kuskure, za ka zo hutu a Agusta. Hotonka sanye da kwat shi ma ya iso shekaranjiya. Kada ka wahalar da kanka da sauri. Idon Inna ya rufe tun makon Ista, ko fitila ba ta gani.

Na miƙa mata sabon hoton, na faɗa mata gaskiya duka, don na gaji da rufa maka asiri. Ta shafa shi, ta mayar mini. Ta ce kada in taɓa wanda ke bango, shi ne ganin ƙarshe da ta yi wa ɗanta, kuma ta gan shi sarai.

Ta ce in gaya maka ka riƙa cin abinci, ka rame da yawa.

Ni ce yayarka,
Mairamu