Motar Alkasum Ta Ƙi Hanyar Kano

Damagaram, watan Mayu 1960

Zuwa ga Kawu Nomau, garajin bakin tasha, Maraɗi.

Gaisuwa da ladabi, da fatan kana lafiya kai da Inna Fanta da yara. Bayan haka, Kawu, baƙar motar nan da na saya hannun Baturen kanti za ta kashe ni.

Ka san idon Baba. Yanar ido ta rufe na dama ruf, na hagu kuma sai inuwa yake gani. Likita ya ce a Kano akwai asibitin da ake cire ta, amma kada mu daɗe. Na sha wuya kafin ya yarda, mutumin da tun ranar da na bar dukanci na kama tuƙi bai taɓa sa ƙafa a mota ba. To ya yarda, muka ɗau hanya. Muna wuce gonakin bayan gari sai ta fara tari, ta yi shaƙuwa, ta mutu. Na duba nan, na duba can, ta tashi kamar ba ita ba. Muka ɗan taɓa, ta sake. Baba ya yini a gindin gawo yana tambayata ko wannan ce Kanon.

Na canja buji, abin da ke ba inji wuta. Na kwance karbirata na wanke da isansi, man motar kanta, na hure ƴan ramukanta har kaina ya yi ciwo. Cikin gari sumul take tafiya, doguwar hanya ce ba ta so. Damina ta ƙarato, ka san hanyar Matamai in ta sha ruwa. Ga shi ana ta cewa in an karɓi ƴancin kai sai da takardu za a ƙetare iyaka. Ban san gaskiyarsa ba, amma wallahi na kasa zama wuri ɗaya. Ka taimake ni.

Ɗanka, Alkasum

*

Maraɗi

Alkasum, na ga takardarka, muna lafiya.

Kai yaro, ka daina kwance abin da bai yi maka laifi ba! Haka kuke ƴan yanzu, mota ta yi atishawa ku zubar da hanjinta a ƙasa. Mu da muka gyara motocin soja a cikin rairayi ba mu da wannan gatan.

Ka fita da ita kai kaɗai. In ta mutu kada ka bari ta huce. Nan take ka buɗe ƙoƙon karbirata ka gani, cike yake ko a bushe. Ka ciro buji ɗaya ka gaya mini launin bakinsa. In baƙi ne, ta ci ta ƙoshi har ta shaƙe. In fari ne, yunwa ke kashe ta. Kada ka rubuto mini abin da kake zato, abin da idonka ya gani nake so.

Ka gaida mijin yayata Ɗan Azumi. Ka ce masa na ce ba motar ce ta lalace ba, nauyin taurin kansa ne ta kasa ja.

Kawunka, Nomau

*

Damagaram, farkon Yuni

Kawu, barka da aiki.

Ƙoƙon a bushe yake ƙayau, buji fari fat. Yunwa ce ke nan. Amma ta ina? Famfon isansi lafiya lau, na cire tiyo na hure shi tun daga gaba har baya, ba abin da ya toshe. Kowane lokaci sai na je na buɗe tanki na leƙa, ga isansi nan har wuya, in rufe, in buga ta, ta tashi. Kamar da gayya take yi mini.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Shekaranjiya Rakiya ta kai wa Baba fura, ya ce mata wace ce. Ƴarsa ta cikinsa, Kawu! Ta fito tana kuka. Shi kuwa ya ce in motar ta sake zubar da shi a daji, ya gama da zancen Kano har abada. Abinci ba ya shiga bakina. Da safe in zagaya motar, da rana in zagaya ta, har maƙwabta sun fara tambayar matata Ramlatu ko mijinta lafiya.

Saƙonka na isar. Ya ce ƙanin matarsa tun yana yaro baki ne kawai gare shi.

Alkasum

*

Maraɗi

Alkasum,

Kash! Amsar tana cikin takardarka, kai ka rubuta ta da hannunka. Ka ce in ka buɗe tanki sai ta tashi. To ba hutu ke tashe ta ba, buɗewar ce.

Ka taɓa tuntsura gora mai ƙaramin baki? Ruwa ba ya fita sai iska ta samu ta shiga. Haka tanki yake. Murfinsa na da ɗan rami kamar na allura. In ya toshe, famfo ya yi ta ja har ya gaji. Gobe in ta mutu, ka kara kunnenka ka buɗe a hankali. In ka ji ta ja numfashi, shi ke nan. Wa ya taɓa murfin nan?

Nomau

*

Damagaram

Kawu,

Ta ja numfashi, fuuu, har na ja da baya.

Murfin ya tsage tun bazara, na cusa tsumma. Ana gobe za mu fara tafiya Baba ya fito yana lalube, ya shafa motar tun daga hanci har wutsiya, hannunsa ya faɗa kan tsumman. Ya yi tsaki ya ce ɗan baduku ba ya yawo da tsumma. Ya ɗauki murfin ya shige zaure, ya fito da shi a ɗinke da jar fata ciki da waje. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, don shi ne karo na farko da ya yi wa sana'ata wani abu. Ko a mafarki ban zargi murfin ba.

Na rasa yadda zan gaya masa, amma na daure. Ya ce, "Ko iska ba ta ratsa ba?" Na ce ko iska. Ya yi dariya har da hawaye, ya ɗauki basilla ya huda da kansa. Na je Matamai na dawo, ko tari ba ta yi ba.

Amma Kawu, ka ji abin da ya biyo baya. Na ce masa jibi sai Kano. Ya ce hannun da ya yi ɗinkin da iska ta kasa ratsawa, me zai yi da ido? Ya fasa. Duk wanda ya shigo zaure sai ya ba shi labarin murfi, unguwarmu ta Birni kaf an ji. Na roƙa, Rakiya ta roƙa, liman ya yi magana. An yi yayyafin farko jiya. Mota na tsaye a ƙofar gida cike da isansi, ni kuma kamar in yi hauka.

Alkasum

*

Daga Ɗan Azumi baduku, Birni, da alƙalamin Malam Tahiru, zuwa ga Nomau.

Aminci ya tabbata gare ka. Bayan haka, na san yaron ya kai maka ƙarata.

Zancen murfi na faɗa ne don su ƙyale ni. Nomau, tsoro nake ji. Yanzu in gari ya waye ina gane inda ƙofa take. An ce wuƙa ake sa wa a idon, kuma ba kowa ke dacewa ba. In ɗan hasken nan ya tafi, ban san yadda zan yi ba, kuma ba zan yi rawar jiki a gaban ɗana ba.

Kai ka ga yaƙi, ka ga ana yanka mutane suna tashi. In ka zo ka zauna kusa da ni, ka riƙe mini hannu lokacin da za su yi, zan shiga motar. Ka yi mini duk tsiyar da ka ga dama a hanya. Ka hau motar farko, kuma kada ka gaya wa yaron dalili.

Wassalam.