Faifan Inna a Gonar Kalilu

Lahadi, 25 ga Agusta, 2024

Na kai rediyon faifaina kasuwa wajen Uwaisu mai gyaran waya. Ko buɗe shi bai yi ba. "Malam Yusha'u, wa ka gyaran wanga yanzu? Sayi memori ka huta." Na ɗauko kayana. Mutumin da bai san bambancin waya mai wuta da marar wuta ba, shi ne injiniyan Jibiya. Ni da na yi difloma a fannin lantarki tun kafin a haife shi, ni ake koya wa memori.

Garin nan ba ya gyara komai. Jarkar fetur, babur, iyaka. Karatun ke nan.

Talata, 27 ga Agusta

Na jawo tsohuwar kwamfutar shagona daga ƙarƙashin gado. Tun da aka rufe iyaka a 2019, masu manyan motoci suka daina kawo takardu in buga musu, ba ta sake tashi ba. Ta mutu, amma aljihun da ake sa mata faifai irin na da ne: yana da maɓallin kunnawa a goshi, da ramin sifika, da ɗan abin murɗa sauti. Irin wannan ba ya bukatar kwamfuta. A ba shi wuta kawai, ya yi waƙa.

Na kwance shi. Matata Hajo ta leƙo ta ce wai in sayar wa 'yan gwangwan. Shekara talatin da wani abu muna tare, har yau duk abin da ba a dafa shi, a wurinta shara ne.

Laraba, 28 ga Agusta

Rawayar waya zuwa batirin sola. Ja zuwa cajar waya irin ta mota. Baƙaƙen biyu a haɗe. Dalma ta ƙona ni a yatsa.

Na danna. Aljihun ya fito a hankali, kamar mai miƙo hannu. Ban kira kowa ya gani ba. Wa zan kira?

Alhamis, 29 ga Agusta

Kwalin faya-fayaina ya ragu da rabi.

Na tambayi Hajo. Ko kunya babu. Ta ce ƙaninta Kalilu ne ya zo daga Daddara tun farkon watan nan, ta ɗiba masa. Wai yana ratayewa a gonar gero, iska na juya su, ƙyallin yana korar tsuntsaye. "Da can yara ka korar su, Malam. Yanzu wa za shi aika ɗanshi bakin daji shi wuni? Kai kuma ba jin su kake ba."

Faifan Inna yana ciki. Na zazzage kwalin, na sake zazzagewa, babu. Ni na ɗauki muryarta a kaset shekarar da ta rasu, tana waƙoƙinta na niƙa tana yi mini dariya, daga baya na mayar faifai a shago. Kaset ɗin gara ta cinye tuntuni. Babu wani kwafi a duniya. Muryar mahaifiyata tana rataye a kara, tana gadin geron wani jahili.

Ban ci tuwon ba.

Juma'a, 30 ga Agusta

Na kira Kalilu bayan masallaci. Na ce akwai ɗaya da na rubuta sunan Inna a kai, ya kawo mini. Ya ce rana da ruwa sun wanke duk wani rubutu, duka fari fat suke. Na ce to ya kwance su duka.

Ya ce, "Malam, gero ya fara ido. In na kwance su, tsuntsayen nan jan-baki sai sun gama da ni." Na ce ba ni na shuka ba.

Hajo na jina daga kicin. Ta ji.

Asabar, 31 ga Agusta

Bai zo ba. Na gwada waɗanda suka rage. Fiye da rabi ba sa tashi, domin aljihun nan faifan sauti na asali kawai yake karantawa, ba na fim ba, ba irin wanda yaran kasuwa ke cusa wa waƙa ɗari ba. Waɗanda na sayo a Maraɗi su ne suka yi. Garaya ta fito tsaf daga 'yar sifikar, babu ƙara, babu talla. Na ji faifai guda har ƙarshe ni kaɗai. Ban ji daɗin da na zata ba.

Lahadi, 1 ga Satumba

Shiru. Mutanen ƙauye ke nan.

Litinin, 2 ga Satumba

Kalilu ya zo da hantsi a kan babur, da buhun taki ɗaure a baya. Ya zube faya-fayan da ke ciki a tabarma, kowanne da guntun zare da kashin tsuntsu. Ƙafarsa duk ƙaya. Ya gaishe ni a tsugune kamar ban faɗa masa komai ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Da ya shiga shan ruwa na ji yana gaya wa Hajo. Ashe tun Asabar ya kwance na kusa. Na can ƙarshen gona, wajen rafi, su suka tsayar da shi, don an ga mutanen daji da babura a wurin, kowa ya janye. Jiya ya lallaɓa shi kaɗai ya ciro su. Hajo ta ce, "Kan hwaihwai za ka mai da ɗiyanka marayu?" Ya ce, "Ai muryar Inna ce, Yaya. Ta sha ba ni fura."

Ban san ta taɓa ba shi fura ba. Ban ce ya je wajen rafi ba. Ban san ma gonar ta kai can ba.

Talata, 3 ga Satumba

Na wuni ina wanke su da ruwan sabulu, ina gogewa daga tsakiya zuwa baki. Wasu bayansu ya ɓare kamar fatar maciji, ana hango haske ta ciki. Waɗannan sun tafi. Na sa ɗaya, shiru. Na sa wani, ya yi ta juyi yana ƙugi. Wani ya fito da wa'azin wani malami da na manta na taɓa saurara.

Bayan la'asar na sa wani mai tsatsa a baki. Tari aka fara yi. Sai Inna ta ce, "To, Yusha'u, abin naka ya kama?"

Faifai daga ciki yake fara karatu, rana kuma daga baki ta fara ci. Waƙar farko ta fita duka. Ta biyu ta kai tsakiya, ta tsaya a kan kalma ɗaya tana ta maimaitawa, na kashe. Sauran sun tafi ke nan.

Hajo tana bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ba ta shigo ba, ban ce ta tafi ba. Na sake kunnawa daga farko.

Laraba, 4 ga Satumba

Hajo ta ce tsuntsaye sun cinye ɓangaren gabas na gonar. Ba ta faɗa don ni ba, wai, da maƙwabciya take magana. Da ƙarfi.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na ajiye faifan Inna a cikin akwatin tufafi. Sauran duka na mayar buhu, har da na Maraɗi. Ɗakin ya yi mini kaɗan ne, kuma garayar ba wani abin kirki ba ce.

Na duba yadda Kalilu ya ɗaura su. Shirme. Faifai ɗaya ɗaya, gefe guda kawai ke ƙyalli, zaren kuma gajere, ba ya barin shi ya juya. Dole a manna biyu baya da baya, a ba zare tsawon kamu guda. Na zauna na yi su duka, yatsan da ya ƙone yana ta zafi.

Na kira shi na ce ya zo gobe da sassafe ya ɗauka. Ya fara godiya, na katse shi. Na ce ya share bayan babur ɗin, da ni za a tafi. In na bar shi, ɓata mini aiki zai yi.