Yau Yatsuna Sun Buɗe

Limawa, Dutse
Ranar Laraba

Zuwa ga Safiyatu, sanyin idanuna, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gonata, inuwar tsamiyar da zuciyata take hutawa ko ina nesa. Amincin Allah Ya tabbata a gare ki.

Kada ki tsorata da wannan rubutu mai kama da sawun kaji. Ni ne Abdulkahar ɗinki, da hagu nake yi, na kasa jira ta ƙware. Albishirinki! Yau yatsuna sun buɗe!

Su dai nake nufi, yatsun hannun daman nan da injin casar shinkafa ya kama a gonarmu wata biyar da suka wuce, likitoci suka ƙarasa yanke shi ƙasa da gwiwar hannu, Baba ya sa aka binne. An binne shi, amma bai rabu da ni ba. Tun ranar nake jin sa a dunƙule, farata sun nutse cikin tafi, wani lokaci kamar an cusa shi a garwashi. In kai hagu in riƙe shi, in damƙi iska. Yaya mutum zai yi da ciwon da ba shi da wurin shafa magani?

Kin tuna ranar da kuka zo duba ni ke da Inna Khadijatu? Ina murƙususu ina kiran yatsuna, 'yan dubiya suna kallon juna. Wani ya ce in yi haƙuri, ai babu hannun. Wata ta rage murya ta ce ko dai iska ce. Ke kuwa kika matso bakin gado, kanki a sunkuye, kika ce, "Yaya Abdul, wanne ne ya fi maka ciwo?" Na ce babban yatsa. Kika ce, "Allah Ya sanyaya shi." Wayyo tauraruwata! A duk ɗakin nan ke kaɗai kika gaskata ni.

Da me na saka miki? Da saƙon da na ba yayanki Jaji cewa na janye, ki zaɓi wani. Ba dungun ne ya sa ni ba, wallahi. Tsoro ne. Na ɗauka hauka ce take lallaɓo ni, na ce ba zan sa a ɗaura miki mahaukaci ba. Na gudo Dutse na ɓuya a gidan Baffa, ina kewar ki kamar shukar da aka tsinke daga rafi.

Baffa ne ya ja ni asibiti, sashen gashin ƙashi, wajen wani ma'aikaci, Malam Fa'izu. Da na gama bayani ina jiran ya girgiza kai, sai ya ce, "Lafiyarka ƙalau, Malam. Yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka." Ya ce ƙwaƙwalwa tana riƙe da hoton hannun, jijiyoyin da aka datse suna ta aika mata saƙo, ita kuma tana umartar yatsu su buɗe ba ta samun amsa. Ba hauka ba ce, Safiyatu! Ba iska ba ce! A gabansa na yi hawaye ban ji kunya ba.

Ya rubuta a ba ni maganin jijiya, ya koya mini naɗe dungun da bandeji da murza shi da tattausan ƙyalle. Sai ya ɗauko madubi. Na ce a raina, ni da na zo da wuta a hannu, kayan kwalliya za a ba ni? Ya kafa shi a tsaye tsakanin hannuwana, dungun yana ɓoye a baya, hagu tana gaba, ya ce in kalli hoton in riƙa buɗewa ina rufewa, minti goma sha biyar safe da yamma. Mako uku ina yi babu labari. Sau biyu na kife madubin, Baffa yana tayarwa.

Yau da hantsi ina zaune a tsakar gida, na tsura wa hoton ido, na buɗe hagu a hankali. Sai na ji, can inda babu komai, ɗan ƙaramin yatsa ya ɗaga. Na kusa da shi ya bi. Ɗaya bayan ɗaya, kamar furen kabewa da safe, har babban! Sanyi ya ratsa tafina. Na yi kabbarar da ta sa matar Baffa ta saki ludayi a tukunya ta fito da gudu.

Ba zan ɓoye miki ba, ya furen zuciyata, bayan la'asar ciwon ya ɗan dawo, amma ba kamar da ba. Malam Fa'izu ya ce zai riƙa zuwa yana tafiya, musamman in na gaji ko raina ya ɓaci, kuma sai na dage. Wanda yake neman ki ke nan: mai hannu ɗaya, mai madubi, mai ranakun da zai ciji leɓe. Amma da hankalinsa, kuma duk hankalin a kanki yake.

Na janye janyewata! Ki yafe mini. Ranar Asabar zan shigo motar garinmu Jahun tare da Baffa. In kin amince, ki gaya wa Jaji kalma ɗaya tak, Baffa ya wuce wajen Abbanki a tsayar da rana. In ba ki amince ba, ni na jawo, ba zan ga laifinki ba. Amma ina roƙon ki, Safiyatu, ki amince.

Naki yau, naki gobe, naki har ranar da za a kai ni makwancina,

Abdulkahar